Harbi a Wutsiya Bai Fi Kuskure Ba

Cikin karin maganar da Hausawa suka gada akwai wadda ke cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. A kasuwa ko a ofis maganar tana da gurbinta, domin abin da take nufi shi ne samun kaɗan ya fi rashi baki ɗaya. Amma a dajin da aka haife ta maganar ƙarya ce, kuma ƙarya mai tsada. Maharbin da ya kuskure barewa harsashi ɗaya kawai ya yi asara. Barewar ta tsira da lafiyarta, gobe ma rana ce. Wanda ya same ta a cinya ko a tumbi kuwa ya yi asarar harsashi, ya yi asarar nama, sannan ya rage wa daji uwa guda, wadda za ta ja jiki ta shige sarƙaƙiya, ta kwana tana nishi, ta mutu inda babu mai ganinta sai ungulu.

Wannan bambanci, tsakanin harbin da ke kashewa nan take da harbin da ke raunatawa, shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙa auna maharbi da shi. A ƙasashen da suka ɗauki farauta da muhimmanci, a kansa ake gina doka, da shi ake ba da lasisi, da shi ake ƙwacewa. A Kano kuwa ana auna maharbi da yawan layunsa, da kaifin kirarinsa, da ƙarar bindigarsa. Ba dokar ƙasa ba, ba ƙungiyoyin mafarauta ba, ba masu sayen nama ba, babu mai tambayarsa ko ya san inda ran dabba yake, ko kuma daga wane nisa bindigarsa ke daina yi masa biyayya.

Me ya haɗa Fagge da daji?

Mai karatu da ke zaune a ofis kusa da Kantin Kwari zai iya cewa wannan magana ce ta mutanen ƙauye. Ba haka ba ne. Fagge ta fara ne a matsayin zangon fatake a wajen ganuwar birni, inda ayarin raƙuma daga Azbin da hamada ke sauka. A ƙarni na 19 cikin kayan da ayari ke ɗauka daga Kano zuwa Tarabulus akwai fatu, da gashin jimina, da hauren giwa. Wato tun asali birni ne ke sa wa daji farashi, maharbi ɗan aike ne kawai.

Yau ma hakan take. Da zarar an kawar da amfanin gona, rani ya kankama, sai a ga manyan motoci cike da matasa da karnuka suna fita daga unguwannin Kano, da gora da barandami da bindigogin toka. Abin da suka samo, da abin da maharban ƙauyuka suka samo, wani kaso nasa yana ƙarewa ne a tukwanen gidajen abinci na Sabon Gari, unguwar da aka kafa a 1913, shekara biyu bayan jirgin ƙasa ya iso Kano. A can ma'aikacin banki ko lauya ko ɗan kwangila zai zauna da yamma ya nemi farfesun naman daji, a kawo masa banda baƙi ƙirin da hayaƙi, ya ci ya yaba. Hayaƙi yana ɓoye abubuwa da yawa: yana ɓoye inda harsashi ya shiga, yana ɓoye ko tumbi ya fashe a cikin naman, yana ɓoye ko an tarar da dabbar da ranta aka yanka ko kuwa tsintar ta aka yi da safe ta riga ta sandare. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mai saye a birni yana da hannu a cikin lamarin, ko ya sani ko bai sani ba.

Inda ran barewa yake

Dabbar da mutanen Turai da Amurka suka fi farauta, mai ƙaho mai rassa da ke zubewa duk shekara, babu ita a Afirka kudu da Sahara. Masu fassara kan kira ta barewa ne don rashin wani suna. Abin da dazukan ƙasar Hausa suka sani shi ne barewa, da gada, da mazo, da mariya, da kanki, da gwanki. Sai dai ginin jikinsu ya yi kama ƙwarai, kuma darasin ɗaya ne.

Wurin da harbi ke kashewa da sauri shi ne kejin ƙirji, inda zuciya da huhu suke. Idan dabba ta tsaya ta ba da gefenta sosai, maharbi zai bi layin ƙafar gaba da ido ya hau sama, ya tsaya a kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin jikin daga ƙasa. Harsashin da ya shiga nan ya ratsa huhu biyu, ko ya taɓa zuciya da manyan jijiyoyin da ke samanta, yana sa jini ya zube cikin daƙiƙoƙi; dabbar za ta faɗi a wurin ko ta yi ɗan gajeren gudu ta kife. Ƙwararrun da suka yi farauta a nahiyoyi biyu sun daɗe da lura cewa zuciya da huhun dangin gwanki da kanki sun fi matsowa gaba, tsakanin karfatu biyu, fiye da na dabbobin Turai da Amurka. Saboda haka matashin da ya koyi harbi daga bidiyon YouTube na maharban Amurka, aka ce masa ya saita bayan kafaɗa, idan ya ƙara ko da taƙi ɗaya baya, a tumbi zai sauke harsashinsa.

Harbin tumbi shi ne mafi munin harbi. Ba ya kashewa nan take, amma da wuya dabba ta rayu bayansa. Tana iya ɗaukar awanni masu yawa kafin ta mutu, kuma abin da ke cikin tumbi da hanji yana malala cikin nama. A zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi a Kano ke taɓa 40, naman da aka tarar washegari ba abinci ba ne, cuta ce. Harbin kai, wanda masu son burgewa ke alfahari da shi, caca ce: ƙwaƙwalwar barewa ƙarama ce, kan kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kuskuren yatsa biyu zai farfasa muƙamuƙi, dabbar ta tsere da ƙafafunta huɗu lafiya lau, ta mutu da ƙishirwa bayan kwanaki a bakin ruwan da ba za ta iya sha ba. Harbin dabba daga baya, tana gudu, shi ne ainihin harbin wutsiyar da karin magana ta yaba.

Ko bayan harbi, jini yana ba da labari ga wanda ya iya karatunsa. Jini mai haske da kumfa daga huhu yake, dabbar ba ta yi nisa ba. Jini mai duhu alamar hanta ce, sai a ɗan dakata kafin a bi. Jini kaɗan gauraye da ɗanyen ciyawa da wari alamar tumbi ce, kuma wanda ya bi ta da gaggawa da hayaniya zai tashe ta daga inda ta kwanta, ta yi nisan da ba za a sake ganinta ba. Wannan ilimi ne kamar kowane ilimi, ana koyonsa, ana kuma iya jarraba mutum a kansa.

A jikin barewa duk wannan wuri mai kashewa bai fi tafin hannun babban mutum da yatsu a buɗe ba. Tambayar da ta rage ita ce, wace bindiga ce ke iya samun tafin hannu, kuma daga wane nisa?

Bindigar da aka bar wa Bahaushe

Bindigar zamani ta farauta tana da tsagi murɗaɗɗe a cikin bututunta. Tsagin yana kama harsashi ya murza shi, ya fita yana juyawa kamar katantanwar yara, juyawar ce ke hana shi karkacewa. Bindigar toka ba ta da wannan tsagi. Ta baki ake ɗura ta, a zuba albarushi da kimar ido, a tura tsumma, a zuba abin da ya samu: dalma, ko gutsuren rodi, ko ƙwallayen boris. Abin da aka ɗura bai cika bututun daidai ba, don haka yana fita yana karo da bango, kuma karo na ƙarshe shi ke zaɓar masa hanya. Harbi biyu daga bindiga ɗaya, da hannu ɗaya, ba sa sauka wuri ɗaya, domin ɗurin bai taɓa zama iri ɗaya ba.

Lissafin ma ba shi da wuya. Idan tazarar da ke tsakanin idon saiti na baya da na gaba santimita 70 ce, kaucewar milimita ɗaya tak a bakin bindiga tana zama kusan santimita 7 a nisan mita 50, ta zama 14 a mita 100. Wannan ga bindigar da ke da abin saiti ke nan. Yawancin bindigogin toka ba su da shi, kuma da yawa daga masu harba su kan kawar da fuska lokacin da suka ja kunama, don tsoron tartsatsi ko fashewar bututu. Jama'a ba su yi ƙarya ba da suka raɗa mata suna harba-ka-ruga.

Masu kare wannan bindiga suna kiranta gadon kakanni. Tarihi bai goyi bayansu yadda suke zato ba. Gaskiya ne bindiga ta daɗe a Kano: littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci shigowarta a zamanin Sarki Kumbari, a ƙarni na 18, ya kuma nuna cewa Babba Zaki ne ya fara ajiye dogarai 'yan bindiga. Amma dalilin da ya sa ta dawwama a hannun talaka ba al'ada ba ce, siyasa ce. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar Burasels, wadda ta taƙaita shigar da bindigogi masu tsagi da masu ɗuri ta baya zuwa wani faffaɗan yanki na Afirka da ya haɗa da ƙasar Hausa, ta bar ƙofa a buɗe ga tsofaffin bindigogi marasa tsagi da albarushin kasuwa. Shekara 13 bayan haka, a watan Fabrairun 1903, sojojin Ingila suka shiga Kano da bindigogin da ke samun abin da aka saita. Bindigar toka ita ce wadda mai mulki ya ga ba ta da haɗari gare shi, ya bar wa wanda ya mulka. Riƙe ta don babu wata ba abin kunya ba ne. Yi mata kirarin gado shi ne abin dubawa.

Abin da tsohon maharbi ya sani

Gadon gaskiya yana wani wurin. Sarautar maharba a ƙasar Hausa sunanta Sarkin Baka, ba sarkin bindiga ba. Maharbin da, mai baka da kwari, ya san makaminsa ba ya cin nisa, sai ya warware matsalar ta hanya biyu. Ta farko ita ce kusanci. Yakan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓe da baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana sara ƙasa kamar tsuntsun, iska tana busowa daga wajen dabba zuwa gare shi, har ya shiga tsakiyar garke ba a ankara ba. Wannan aiki ne na awanni, na haƙuri da sanin halin dabba. Ta biyu ita ce dafi, wanda ake haɗawa da 'ya'yan kwankwani, mai tsayar da zuciya. Da kibiya mai dafi, ko a cinya aka sami dabba za ta faɗi, maharbi ya bi sawu ya tarar da ita. A wancan zamani karin maganar wutsiya tana da ƙamshin gaskiya.

Da bindiga ta maye gurbin baka, dafi ya tafi, amma karin maganar ta zauna. Sannu a hankali kusancin ma ya tafi. Aka maye gurbin burtu da fitila mai kashe ido da dare, aka maye gurbin haƙuri da babur, aka maye gurbin sanin sawu da cinna wa daji wuta. Farautar gayya ta yau, inda ɗaruruwan mutane ke kewaye daji da ihu da karnuka, tana tashin kowace dabba a guje, kuma dabbar da ke gudu ba ta ba kowa gefenta. Abin da ke biyo baya ruwan ƙarafa ne a kan duk abin da ya motsa, mai ciki da mai shayarwa da ɗan da bai yi ƙaho ba. An ɗauki makami mafi rashin saiti, an haɗa shi da salon farauta mafi buƙatar saiti. In kiɗa ya canza rawa ma canzawa take yi, amma a nan kiɗan ya canza fiye da shekara ɗari, masu rawa ba su ji ba.

Abin da littattafan zaure suka ce

Abin mamaki shi ne ilimin da ake buƙata yana nan a zaurukan malaman Fagge da na cikin birni. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda kusan duk ɗalibin fiƙihu a Kano ya ratsa ta, tana da babi a kan yanka da farauta. A ciki an karhanta farauta don wasa kawai. An bayyana cewa wanda ya tarar da abin da ya harba da sauran rai wajibi ne ya yanka shi. An kuma kawo batun dabbar da aka harba ta ɓace ta kwana ba a gan ta ba: a wani ƙaulin ba a cin ta, a wani ƙaulin kuma ana ci idan an tarar da kibiyar a makasarta. A ƙauli na biyu, hukuncin ya rataya ne a kan inda makami ya shiga. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya bambanta abin da makami ya huda da abin da ya buge da gefensa ya kashe. Na farko halal ne, na biyu mushe. Hadisin Shaddadu ɗan Aus kuma ya yi umarni da kyautatawa hatta a wajen kisa da yanka.

Ke nan malaman ƙarnonin baya sun yi maganar makasa tun kafin a ƙera bindiga mai tsagi. Al'ummar da ba za ta sayi naman mahaucin da ake shakkar yankansa ba, ita ce ke cin naman daji ba tare da tambaya ɗaya ba.

Yadda wasu suka ɗaure akuyarsu

A ƙasar Norwe, duk wanda zai farauci manyan dabbobi sai ya ci jarrabawar harbi kowace shekara. Zai fara yin harbin gwaji 30, sannan ya harba harsashi 5 daga nisan mita 100 a kan hoton dabba, kuma dukkansu sai sun faɗa cikin da'ira mai faɗin santimita 30 a kan ƙirji, da bindigar da zai shiga daji da ita. Ƙari a kan haka, sai ya nuna cewa yana da damar samun horarren kare mai bin sawun dabbar da aka raunata. A Finlan ma akwai irin wannan jarrabawa, ana sabunta ta duk shekara 3. A Amurka, jihar New York ta wajabta karatun maharba tun 1949, kuma dokar Pittman da Robertson ta 1937 ta ware harajin bindigogi da harsasan farauta don farfaɗo da namun daji. Barewarsu mai farar wutsiya, wadda ta ragu zuwa kimanin rabin miliyan a farkon ƙarni na 20, yau ana ƙiyasta ta da kimanin miliyan 30, alhali ana farautarta duk shekara.

A Najeriya, dokar bindigogi ta 1959 ta kasa makamai gida uku, ta sa bindigar toka a gida na uku, ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar tana duba shekarun mai neman lasisi, da hankalinsa, da lafiyar idonsa, da ko mashayi ne, da ko an taɓa kama shi da laifin tashin hankali. Ba ta tambayar ko ya iya harbi. Dokar namun daji ta Arewa ta 1963 ta jera dabbobin da aka hana taɓawa da waɗanda sai da izini. Dukkansu suna nan a takarda. Dajin Falgore, wanda aka keɓe don namun daji a kudancin jihar Kano, ya fi shahara a labarai da ɓarayin shanu da masu tare hanya fiye da gwanki.

Hanzari uku

Hanzari na farko shi ne talauci da tsaro: maharbin ƙauye ba shi da kuɗin bindigar zamani, kuma a ƙasar da 'yan bindiga suka addaba babu mai hankalin da zai nemi a ƙara watsa makamai masu cin dogon zango. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai neman haka. Kyakkyawar bindiga a hannun marar tarbiyya ta fi muni. Mariri, mai dogon ƙaho da ya taɓa cika sahel, ba bindigar toka ce ta ƙarar da shi ba. Motoci da bindigogin zamani ne suka yi kaso mafi tsoka, har aka ayyana ƙarewarsa a daji a shekarar 2000, sai a 2016 aka fara maido da shi Chadi daga garkunan da aka kiwata a Abu Dhabi. Iya harbi ba mallakar makami mai tsada ba ne, sanin iyakar makamin da ke hannu ne. Wanda ya san bindigarsa ba ta samun tafin hannu sai a taku 20, ya ƙi ja kunama a taku 40, ya fi mai bindigar miliyoyi da ke harbin duk abin da ya gifta.

Hanzari na biyu na masu kishin muhalli ne: tunda namun sun kusa ƙarewa, har ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa barewa mai jan goshi cikin dabbobin da ke fuskantar barazana, a hana farauta gaba ɗaya. Hani ya fi shekara 60 a littafin doka bai hana komai ba. Gwamnatin da ba ta iya tsare hanyar Falgore ba, ba za ta iya tsare kowace gada a kowane kurmi ba. Wanda ke kwana a daji shi kaɗai ke iya tsare daji, kuma ba zai tsare shi ba sai ya ga cewa rabonsa na baɗi yana cikin macen da ya ƙyale bana. Dabbar da doka ta hana, haninta ya tsaya. Wadda aka halatta kuwa, a kashe ta da harbi ɗaya ko a bar ta.

Hanzari na uku shi ne wanda ya fi yawa a bakin 'yan boko: ana kashe mutane kullum, wa ke ta barewa? Amsar ita ce hannu ɗaya ne. Ƙa'idar farko ta harbin dabba ita ce kada a ja kunama sai an ga abin da za a harba ƙarara, an kuma san abin da ke bayansa. Mutumin da ya saba harbin motsin ciyawa da ƙyallin ido a hasken fitila shi ne wanda wata rana zai harbi abokin farautarsa, ko mai itace, ko yaro makiyayi, ya ce ya ɗauka dabba ce. Kuma waɗannan maharba su ne jihohin Arewa ke ɗauka aikin sa-kai. An ga rawar da maharban Adamawa suka taka a kan Boko Haram tun 2014, an san sunan Aisha Bakari Gombi. Ƙasar da ke tura maharbi ya tunkari mai AK-47 ba ta da hujjar ƙin koya masa saiti da tantance abin harbi.

Abin da ya kamata a yi

A ƙarshen watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyar dawowa gida Kano daga jihar Ribas don yin sallah, wasu daga cikinsu mutanen Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure. An ga bindigogin toka a motarsu, aka yanke musu hukunci a bakin titi. Alhakin jininsu yana wuyan waɗanda suka kashe su, babu wata takarda da rashinta zai zama uzuri ga kisan gilla. Amma lamarin ya tona abu biyu da Kano ba ta son kallo: cewa maharbanta suna tafiya ɗaruruwan kilomita neman abin da dazukansu suka daina bayarwa, da kuma cewa sana'ar da ta girmi ganuwar birni ba ta da wani tsari da hukuma ta tsaya masa, wanda zai bambanta ɗanta da ɗan ta'adda a idon baƙo.

Gyaran ba ya buƙatar biliyoyi. Ma'aikatar muhalli ta jiha, da rundunar 'yan sanda, da masarautu ta hannun Sarakunan Baka, za su iya tsayar da jarrabawa guda kafin kowane rani. A kafa allo mai hoton barewa, a zana da'ira a makasarta. Maharbi ya zo da bindigar da yake farauta da ita, ya yi harbi uku daga nisan da ya zaɓa da kansa. In duka sun shiga, a rubuta wannan nisa a katinsa mai hoto, ya zama iyakarsa. A tambaye shi dabbobin da aka hana, da alamun jini, da hukuncin abin da ya kwana. A duba bututun bindigar, wadda ta tsage a karɓe ta. A rufe farauta a lokacin haihuwar dabbobi, a hana fitila da wuta, kuma duk wanda ya harbi mutum ya ce kuskure ne, bayan hukuncin kotu, kada ya sake riƙe kati. Tsofaffin maharba da suka san burtu da sawu, waɗanda ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya da iliminsu, su ne malaman da za a ɗauka, a biya su.

Saura mai saye. Ma'aikacin da ya iya tambayar ranar lalacewar maganin da ya saya a kanti, ya iya tambayar mai gidan abinci a Sabon Gari wace dabba ce wannan, daga ina ta zo, wa ya harbe ta, yana da kati ko ba shi da shi. Ranar farko za a yi masa dariya. Idan masu tambaya suka yi yawa, mai tukunya zai fara tambayar dillali, dillali ya tambayi maharbi, maharbi kuma ya fara tunani kafin ya ɗora yatsa a kan kunama. Mafi wuyar darasi a farauta shi ne sauke bindiga a bar dabba ta wuce saboda ta yi nisa, ko ta juya baya, ko tana tare da ɗanta. Ranar da makaɗan maharba suka fara yi wa mai wannan hali kirari, ranar barewa za ta fara dawowa dazukan Kano.